GYARA KO RUSHEWA: SHAWARA GA MASU GIDA A KAN TSOHON GINI



Ga kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, wanda ya sayar da wake ko gyaɗa ko riɗi ya sami 'yan kuɗi a hannu. Ga kuma rani ya matso, shi ne lokacin gini. A irin wannan lokaci ne mai gida ya kan tsaya tsakar gida ya dubi ɗakunan da ubansa ya bar masa, ya dubi na maƙwabcinsa wanda ya yi bulo da kwano, sai zuciya ta ce masa, "Rushe." Wani kuwa ya dubi rijiyar kakansa wadda bakinta ya zube, ya ce, "Haka muka gada, haka za mu bari." Dukansu biyu suna iya yin hasara. Na farko ya yi hasarar kuɗinsa da sanyin ɗakinsa, na biyu kuwa watakila ya yi hasarar ɗansa.

Abin da mu ke so mu nuna cikin wannan takarda shi ne, tsufan abu kaɗai bai isa hujjar rushe shi ba, bai kuma isa hujjar barinsa ba. Aikinsa a ke dubawa. Saboda haka kafin ka sa diga a jikin ko wane abu na gidanka, sai ka tambayi kanka tambaya uku.

Ta farko, wane aiki abin nan ya ke yi mini, wanda ba na lura da shi domin na saba?

Ta biyu, cutar da ke jikinsa ta gyaruwa ce, ko kuwa ta kai ga tushe?

Ta uku, sabon da zan sa a madadinsa, zai yi wannan aikin? In ya lalace kuma, ina da halin gyara shi da abin da ke garinmu?

Bari mu bi gidan ɗaki ɗaki da waɗannan tambayoyi.

BANGON ƘASA

Bangon tubali mai kauri yana da wata fa'ida da ba a ganinta da ido. Zafin rana ba ya ratsa shi da sauri. Tun hantsi rana na dukansa, amma zafin ba ya isa ciki sai da dare, sa'ad da iska ta riga ta yi sanyi. Shi ya sa ɗakin ƙasa ke da sanyi da azahar a watan bazara, ga shi kuma da ɗumi da asuba lokacin hunturu. Bulon siminti mai inci 6 ba shi da wannan hali, domin ba shi da kauri, cikinsa kuma rami ne.

Kada kuma a ce ƙasa ba ta daɗewa. Gidan Makama na Kano asalinsa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, an sake gina ta a 1844, har yanzu tana tsaye. A ƙauyen Yama cikin ƙasar Tawa, wani magini manomi mai suna Falke Barmu ya soma masallacin ƙasa a 1962, har ginin ya sami lambar girma ta Aga Khan a 1986. Abin da ya tsayar da waɗannan duka shi ne kulawa. Inda ruwa ya fi ƙarfin gini kuwa, ko mai daraja ne sai ya faɗi, kamar yadda tsohon masallacin Damagaram ya zube cikin ruwan sama mai yawa na watan Satumba 2024.

To, abokin gaban bangon ƙasa ruwa ne, kuma ta wuri biyu ya ke kama shi, watau ta kai da ta gindi. In ka ga yaɓe ya zaizaye, ko ƙananan tsaga a fuskar bango, wannan ciwon fata ne, yaɓe ya ishe shi. Amma a yi shi da wuri, domin sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. In gindin bango ya cinye, sai a kankare ruɓaɓɓiyar ƙasar, a cike da sabon kwaɓi mai ciyawa wanda ya kwana ya jiƙu, a yi masa dakali mai gangare don ruwa ya gudu nesa da shi. Bangon da za a rushe shi ne wanda ya karkata har ido na gani, ko wanda ya tsage daga sama har ƙasa tsagar na ƙaruwa, ko wanda gara ta mai da cikinsa kogo. Ka ƙwanƙwasa da sanda, in ka ji amo kamar ganga, to, kada yaro ya sake kwana a gindinsa.

Akwai wani kuskure da ya yawaita, watau shafa wa bangon ƙasa siminti. Siminti ba ya kama ƙasa sosai. Bayan 'yan shekaru sai ya tsage, ruwa ya shiga bayansa ya rasa hanyar fita, bango ya yi ta ruɓewa a ɓoye, alhali daga waje yana sheƙi. Yaɓen ƙasa da makuba, wadda a ke yi da kwasfar ɗorawa, yana barin bango ya sha iska ya bushe. Wanda ya ke da kuɗin siminti kaɗan, ya fi masa amfani ya sa shi a harsashin sabon gini, dutse da siminti har ya ɗago daga ƙasa kamar kamu ɗaya, sa'an nan ya ɗora tubali a kai.

In kuwa ka ƙudura sai bulo, to, ka gwada shi kafin ka biya. Ka kankara shi da ƙusa. Wanda ya ke zubar da yashi kamar gari an yi masa rowar siminti, kuma tubalin kirki ya fi shi ƙarfi nesa.

RUFIN ƊAKI

A nan ne shawara ta fi wuya, domin ko wane rufi yana da nasa kirki da nasa aibi.

Jinka tana da sanyi, ba ta kuma bukatar kuɗi mai yawa inda shifci ke samuwa. Amma wuta ba ta yi mata wuyar kamawa. Tartsatsi ɗaya cikin iskar hunturu ya isa ya cinye unguwa. Ga shi kuma dajin da a ke yankan ciyawa ya zama gonaki a wurare da yawa, sabunta jinka ya zama wahala.

Soro ya fi duka sanyi, wuta kuma ba ta cinsa da sauƙi. Ƙarfinsa yana ga azara, watau itacen giginya da a ke tsagawa. Magina sun fi son namijin giginya domin ya fi tauri, gara ba ta faye cinsa ba. Azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin wurin ya wuce kamar ƙafa 6, shi ya sa magina suka ƙago ɗaurin guga da bakan gizo don su sami ɗaki mai faɗi. Wanda ya gaji ɗaki mai irin wannan ɗauri ya san ya gaji dukiya, domin giginya sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta isa sara, ta kuwa yi ƙaranci, maginan da suka iya ɗaurin su ma sun ragu. In ma tilas ta sa ka rushe soro, kada ka bar azarar ta zama itacen girki. Ka zare ta a hankali ka ajiye, za ta sake yin wani ɗakin.

Haɗarin soro yana zuwa ne daga sakaci iri biyu. Na ɗaya, toshewar indararo, ruwa ya kwanta bisa rufi ya jiƙa ƙasa ta yi nauyi. Na biyu, a riƙa jibga sabuwar ƙasa bisa tsohuwa ko wace shekara ba a kwashe ta dā ba, har nauyin ya fi ƙarfin azara. Irin wannan soro shi ne ke faɗo wa mutane da dare cikin marka. Saboda haka kafin ruwan farko, ka hau ka share indararo, ka cire ciyawar da ta tsiro, ka toshe tsaga. Ka shiga ciki kuma ka soki bakin ko wace azara da wuƙa, daidai inda ta shiga bango. In wuƙa ta nutse, a sake wannan azarar. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Kwano kuwa ya yawaita a ƙasar nan bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Kirkinsa a fili ya ke: ba ya yoyo in an kafa shi daidai, ba ya son gyaran shekara shekara, tartsatsi ba ya kama shi, ana kuma tarar ruwan sama da shi. Aibinsa zafi. Ɗakin kwano marar silin da rana tanderu ne, tsoho da jariri da mai zazzaɓi su ne ke shan wahalarsa. Iskar farkon damina kuma tana yaye shi in ba a ɗaure katakon da bango da ƙarfe ba.

Akwai hanya ta tsakiya wadda masu gidaje da dama a Kano da Zariya suka bi. Sai a bar soro yadda ya ke, a ɗora masa kwano daga bisa, a bar 'yar tazara tsakani don iska ta wuce. Kwano ya tare ruwa, ƙasa ta tare zafi. A sa bakin kwanon ya zarce bango sosai, don ruwan da ke zuba kada ya daki gindin gini. Ko masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a shekarun 1830, da aka zo sabunta shi a shekarun 1970, sai aka lulluɓe shi da sabon gini, aka bar ginshiƙai da bakan gizonsa na ƙasa a ciki.

Gargaɗi ɗaya ga wanda gidansa ke da tsohon silin ko rufi na asbesto, wanda aka yi yayinsa a dā. In yana nan lafiya bai fashe ba, a bar shi kada a taɓa. Ƙurarsa ce ke da illa ga huhu, illar kuma ba ta bayyana sai bayan shekaru. In za a cire, a jiƙa shi da ruwa, a sauke shi ɗungum ba a fasa ba, a rufe hanci, a binne shi nesa da wurin wasan yara.

RUMBU

Mutane da yawa sun bar rumbu sun koma tara buhuna a ɗaki. Dalilinsu ba na banza ba ne, domin tsoron ɓarayi da na gobara gaskiya ne. Amma a duba abin da rumbu ke yi. An ɗora shi bisa duwatsu, damshin ƙasa ba ya kai gare shi. Gero da dawa kuma in an zuba su da zangarniyarsu, ba a sussuka ba, suna daɗewa ƙwarai, har su shekara biyu ko fiye in sun bushe sosai. Da irin wannan tsimi ne kakanninmu suka riƙa tsallake shekarun fari. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 suna nan da ransu, a tambaye su darajar rumbun da ba a buɗe ba. Har wa yau rumbu yana da wata fa'ida, watau hatsin da ke cikin dami ba ya saurin tafiya kasuwa kamar wanda ke cikin buhu.

To, a bar rumbu, amma a gyara masa abu huɗu. Kafin a zuba sabon hatsi a share shi ƙal, a ƙone sharar, domin a cikinta ƙwari ke jiran sabon abinci. A liƙe ko wace tsaga ciki da waje. Kada a zuba sabo bisa tsoho. A kuma share ƙarƙashinsa da kewayensa, kada a jingina masa kara ko itace, domin su ne tsanin ɓera. Maganar ɓera kuwa ba ta tsaya ga hasarar hatsi ba. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara gane shi a garin Lasa cikin ƙasar Barno a 1969, ta fitsari da kashin wani irin ɓera ya ke shiga abinci.

Wake shi ne rumbu ba ya iya wa. Ƙwaronsa tun daga gona ya ke biyo shi, cikin 'yan watanni sai ka ga ƙwaya ta zama rariya. A nan sabon abu ya fi tsoho. Akwai buhu mai riɓi uku da a ke kira PICS, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka tare da masana na Afirka suka soma yaɗawa a ƙasashenmu a 2007. In an zuba busasshen wake, aka matse iska, aka ɗaure ko wane riɓi dabam, sai ƙwarin su rasa numfashi su mutu, ba tare da an sa magani ba. Durom na ƙarfe mai murfi da ke rufuwa gam shi ma yana yin wannan aiki in an cika shi. Amma a yi hattara da ƙwayar maganin nan da a ke jefawa cikin buhu tana fitar da iskar guba. Ko kusa kada a sa ta a ɗakin da mutum ke kwana, ko wanda ke manne da shi, domin iskar tana kisa.

ZAURE

Yanzu ana yawan rushe zaure a mai da shi shago, ko a sa ƙofar ƙarfe a madadinsa. Kuɗin haya abin so ne, ba mu musa ba. Amma kafin ka yi, ka ƙidaya aikin zaure. Nan ka ke karɓar baƙo ba tare da ya ga iyalinka ba. Nan a ke ɗaurin aure da zaman makoki da sasanta rigima. Nan yara ke karatun allo, nan masaƙi da maɗinki ke aiki da rani, nan matafiyi ke kwana. Gidan da ba zaure, baƙonsa a titi ya ke tsayawa, ko kuwa matan gida su takura. In wuri ya isa, ka fitar da shagon daga gefen katanga, ka bar zaurenka. In kuma akwai zanen magina a fuskarsa, da zankwaye a bisa kansa, ka sa a bi su da yaɓe a hankali. Wanda ya kankare su ba zai sami mai mayar masa da irinsu da sauƙi ba.

RIJIYA

Daga nan mun zo kan abubuwan da ba a yi musu kara don tsufa. Rijiyar da bakinta ke daidai da ƙasa tana shan duk abin da ruwan sama ya kwaso daga tsakar gida, har da kashin dabbobi da na yara. Ko wane mai ɗiba kuma ya zo da gugansa wanda ya ajiye a ƙasa. Ta haka ciwon amai da gudawa ke shiga gari. A shekarar 2021 kaɗai, mutum fiye da 100,000 aka lissafa sun kamu da shi a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi shan wahalar. Banda wannan, yara nawa suka faɗa rijiya marar murfi?

Ba a ce ka cike rijiyar ba in ruwanta na da kyau. Bakinta za ka sake. A ɗaure shi da bulo da siminti ya kai kamar ƙugun babban mutum, a yi daɓen siminti kewaye da shi mai gangare, a ja 'yar magudana ta kai ruwan da ya zube can nesa, inda za a iya dasa zogale ko ayaba. A sa murfi mai makulli, a rataye guga ɗaya wanda ba ya taɓa ƙasa. In kuɗinka na siminti buhu uku ne kacal a bana, to, ga inda za su tafi, ado ya jira baɗi.

Wanda ya ke shakkar ko gyaran ruwan sha na canja wani abu, ya tuna da kurkunu. Wajen 1988 an ƙidaya mutum fiye da 650,000 masu ɗauke da shi a Nijeriya, yana kwantar da manoma daidai lokacin noma. Da tace ruwa, da haƙa rijiyoyi masu tsabta, da hana mai ciwon shiga tafki, aka kai ga 2013, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya da Nijar sun rabu da shi.

SALGA

Tsohuwar salga mai rufin itace da ƙasa tana da haɗari biyu: rubzawa da mutum in itacen ya ruɓe, da ƙuda da ke fita daga ciki ya sauka bisa tuwo. In ta kusa cika, ko ka ji ƙasa na motsi a ƙarƙashin ƙafa, a rufe ta da ƙasa, a haƙa sabuwa. A yi wa sabuwar murfin siminti mai ƙarfe a ciki, wanda za a iya wankewa, a kuma ɗauke shi zuwa wani ramin in wannan ya cika. A rufe bakin ramin kullum, a ajiye buta da sabulu ko toka a ƙofa. Tsakanin salga da rijiya kada ya gaza mita 30, watau kamar taki 40 na babban mutum, kuma salga ta kasance ta gangare, rijiya ta tudu. Wannan ƙa'ida ta shafi rijiyar maƙwabci kamar yadda ta shafi taka.

MURHU DA TAGA

Murhun duwatsu uku yana cin itace da yawa, domin rabin wutar iska ke kwashewa. In kuma a cikin ɗaki a ke girki, hayaƙin yana cin idon mai girki da ƙirjinta, da na yaron da ke goye a bayanta. Gyaransa ba ya son kuɗi. A kewaye duwatsun da yumɓu daidai girman tukunya, a bar ƙofa ɗaya ta sa itace. A buɗe wa ɗakin girki taga ta sama inda hayaƙi zai fita, ko a yi girki a rumfa. A nan lalle ka nemi shawarar matan gida kafin ka taɓa kome, su ne suka san inda iska ke kaɗawa da inda hayaƙi ke taruwa.

Tsofaffin ɗakuna kuma da yawa ba su da taga sai 'yar kafa. Ɗaki mai duhu marar iska yana riƙe damshi da tari. A faɗaɗa tagar, a sa mata azara ko katako mai ƙarfi daga sama don bango kada ya zauna, sa'an nan a sa mata raga. A kuma toshe tazarar da ke tsakanin kan bango da rufi, domin ta nan sauro ya fi shiga da dare. Wannan ba ya hana kwana cikin gidan sauro, taimakonsa ya ke yi.

GA DAGATAI DA MASU UNGUWA

Ranku ya daɗe, akwai abin da mai gida ɗaya ba ya iyawa sai da hannunku.

Na farko, hanyar ruwa. Gida da yawa ba tsufa ke kashe su ba, ruwan maƙwabci ne. Wani ya sa kwano ya juya bakinsa bisa katangar ɗan'uwansa, wani ya yi gini bisa magudanar da ruwan unguwa ke bi tun kaka da kakanni. Ku zaga kafin damina, ku kira gayya a yashe magudanu, ku raba irin wannan gardama tun bango bai faɗi ba.

Na biyu, wurin ɗiban ƙasa. Kada a haƙa kududdufi a gindin gidaje, domin yana jiƙa harsashi, yana tara sauro, yana kuma cin yara. Ku keɓe wuri a bayan gari.

Na uku, itatuwa. Ba azara sai da giginya, ba makuba sai da ɗorawa. Ku hana saran ƙanana, ku sa a shuka ƙwallon giginya a fadama da iyakokin gonaki. Wanda ya shuka ba lalle ya yi rufi da ita ba, amma jikansa zai yi, kafin nan kuma ga muruci da 'ya'ya.

Na huɗu, magina. In akwai tsohon magini a ƙasarku wanda ya iya ɗaurin guga da haɗa makuba, ku ba shi aiki a zaurenku da masallacinku, ku sa samari su bi shi. Talakawa suna kallon gidan dagaci. In sun ga ya gyara soronsa ya ɗaure rijiyarsa, su ma haka za su yi.

Na biyar, gidan gado. Sau da yawa gida kan lalace domin magada sun yi yawa, kowa na jiran wani ya yi yaɓe. Ku tara su, a san wanda ke zaune da wanda gyara ke kansa, tun damina ba ta raba musu gardamar ba.

TSARIN AIKI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da an gama kaka, ka zaga gidanka tare da magini, ka kasa abin da ka gani kashi uku. Kashi na ɗaya, abin da ke iya kashe mutum: bango mai karkata, azarar da ta ruɓe, rijiya marar baki, salga mai rubzawa. Waɗannan a bana za a yi su, ko da za a sayar da akuya. Kashi na biyu, abin da ke jawo hasarar dukiya: yoyo, tsagar rumbu, gindin bango, indararo. Waɗannan a gama su kafin hadarin farko. Kashi na uku, abin sha'awa, kamar fenti da ƙofar ƙarfe da tayil. Waɗannan sai in kuɗi sun ragu, kuma kada a taɓa hatsin ci ko na iri dominsu. Wanda ya sayar da rumbunsa da kaka ya sayi kwano, shi ne zai sayi tiya da tsada cikin marka, yana zaune ƙarƙashin kwanon.

Da tsohuwar zuma a ke magani, amma ba a shan tsohon ruwan kududdufi don kakanni sun sha. Wanda ya sami wannan takarda ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, a zaure ko a dandali. Mai neman ƙarin bayani a kan ajiyar hatsi ya tambayi malamin gona, a kan rijiya da salga kuwa ya tambayi ma'aikacin lafiya na yankinsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da gobara da rushewar gini, amin.

Wassalam.